Gwanjo da Tarihinsa: Yadda Neman Araha Ke Kai Mai Saye ga Tsada

Gabatarwa

Kalmar gwanjo tana da ma'anoni biyu a bakin Hausawa. Ta farko ita ce sayar da kaya a bainar jama'a, inda masu saye ke ta ƙara tayi har a sallama wa wanda ya fi kowa. Ta biyu kuwa ita ce kayan da aka riga aka yi amfani da su, musamman tufafi, waɗanda ake saye da rahusa, shi ya sa ake cewa kayan gwanjo da 'yan gwanjo. Yarabawa ma suna da kalmar gbanjo mai ma'ana makusanciya. Haɗuwar waɗannan ma'anoni a kalma ɗaya ta sa da zarar an ambaci gwanjo sai zuciya ta tafi ga araha. Tarihi kuwa ya nuna cewa gwanjo hanya ce da mai kaya ke bi domin ya sami farashi mafi tsoka. Wannan maƙala za ta bi sawun lamarin tun daga tsohon ciniki har zuwa wayoyi da kwamfutoci na hannu da ake tayawa a intanet, tare da duban matsayin mai saye da ke unguwa irin Diguel ta birnin N'Djamena.

Ciniki da Gwanjo

A cinikin Bahaushe na gargajiya mutum biyu ne ke ja-in-ja. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a rage, har a kai ga sallamawa. Idan akwai dillali a tsakani, shi ne ke kusanto da su ya karɓi la'adarsa. Kalmar dillali daga Larabci aka aro ta, wanda ke nuna daɗewar sana'ar a kasuwannin ƙasashen Musulmi. A irin wannan ciniki ƙarfin mai saye yana cikin ikonsa na juya baya ya tafi. Gwanjo ya sauya wannan tsari, domin mai kaya yakan koma gefe ya bar masu saye su yi ta fafatawa da junansu, kowane ƙarin tayi kuma aljihunsa yake faɗawa.

Malaman fiƙihu sun san wannan ciniki da sunan muzayada, kuma mafi yawansu sun halatta shi. Abin da suka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba shi da niyyar saye, don kawai ya ingiza wani. Hanin ya zo a hadisi cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa da Chadi, mai saye yana da damar mayar da kaya idan ta tabbata mai kayan ya san da maƙarƙashiyar. Ke nan tun ƙarnonin farko na Musulunci an gane cewa ganin wani yana taya abu kan sa mutum ya ga darajar da babu ita.

Wanda Ya Ci Shi Aka Ci

Shahararren misali a tarihin gwanjo ya faru a birnin Rum a watan Maris na shekarar 193. Dogaran fada sun kashe sarki Pertinax, sannan suka sa sarautar a kasuwa. Sulpicianus ya yi alkawarin bai wa kowane soja 20,000 na kuɗin Rumawa, Didius Julianus ya ce 25,000, aka sallama masa. Kwana 66 kacal ya yi a kan gado kafin a kashe shi.

Sai a shekarar 1971 aka yi wa abin bayani na ilimi. Injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield, wato Capen da Clapp da Campbell, sun lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen mai a tekun Meziko ba sa samun ribar da suka yi tsammani. Dalilin shi ne babu wanda ya san ainihin yawan man da ke ƙarƙashin ruwa. Kowa kintace yake yi, wasu su gaza, wasu su zarce, kuma wanda ya fi kowa zarcewa shi ke ci. Suka kira wannan la'anar mai nasara. A 1983 Bazerman da Samuelson sun gwada abin a kan ɗalibai a birnin Boston, inda suka yi gwanjon kwalabe masu ɗauke da abin da ya kai dalar Amurka 8. Matsakaicin kintacen ɗaliban dala 5.13 ne, amma matsakaicin tayin da ya ci ya kai dala 10.01. Taron gaba ɗaya ya rena kayan, wanda ya ci kuma ya yi asara.

Gwanjo Ya Shiga Intanet

A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar ya buɗe dandalin da ya zama eBay daga baya. Cikin kayan farko da aka sayar akwai 'yar fitilar nuni da ta lalace, wadda aka saya dala 14.83. Wannan sabon gwanjo ya tara dubban masu tayi da ba sa ganin juna, ya kuma sa agogo mai ƙirga lokacin rufewa. Yawan masu tayi yana ƙara yiwuwar a sami wanda zai zarce ƙima, ƙurewar lokaci kuma tana hana tsayawa a yi lissafi. Wanda ya kwana biyu tayinsa na kan gaba yakan fara jin kayan sun zama nasa, idan aka wuce shi sai ya ji kamar ƙwace aka yi masa, ya ƙara don huce haushi.

Binciken da Lee da Malmendier suka buga a 2011 ya fito da girman abin. Sun bi gwanjon wani kayan wasa a eBay, suka tarar a kashi 42 cikin ɗari na gwanjon an biya fiye da tsayayyen farashin da ake sayar da irin kayan a dandalin a daidai lokacin. Hossain da Morgan kuma sun nuna a 2006 cewa idan mai kaya ya rage farashin farawa ya ɗora a kan kuɗin aike, masu saye ba sa cika sa wannan ƙari cikin lissafinsu.

Kayan lantarki na hannu sun fi sauran kaya haɗari, saboda aibinsu a ciki yake. George Akerlof ya bayyana a 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Hoto ba ya nuna batirin da ya tsufa, ko gilashin da aka canza, ko ruwan da ya taɓa shiga, ko wayar da aka kulle da asusun mai ita na farko. Hausawa sun daɗe da sa wa wannan suna: cinikin biri a sama.

Mai Saye a Diguel

An kafa N'Djamena a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka sauya mata suna a 1973. Hausawa sun zauna a cikinta tun zamanin da mahajjata ke ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, kamar yadda John Works ya nuna a littafinsa na 1976 kan Hausawan Chadi. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, don haka yawancin kayanta daga tashar Duwala ta Kamaru suke tasowa, tafiyar fiye da kilomita 1,500, ko kuwa daga Nijeriya ta Maiduguri da Gamboru, su tsallako ta Kuseri. Kowane zango yana ƙara wa kaya kuɗin mota da na kwastan. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, sabbin kayan waje suka yi tsada, jama'a suka ƙara karkata ga na hannu a duk ƙasashen da ke amfani da kuɗin. A Nijeriya ma sunaye irin su 'yar Kwatano da Beljiyam sun zama shaidar wannan zamani, har hukumar kwastan ta ƙasar ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017.

Mazaunin Diguel da ya ga waya a shafin Facebook ko zauren WhatsApp, ko ya sa wani ɗan'uwa a Faransa ya taya masa ita, yana fuskantar duk waɗannan matsaloli a lokaci guda. Farashin da yake gani bai haɗa da kuɗin aike da na fito ba. Ba ya iya tantance ko masu ƙara tayin na gaskiya ne ko 'yan najashi. Idan kayan suka iso da aibi, mayar da su ya fi sayensu wuya. A kasuwar unguwa kuwa yana iya kunna wayar, ya kai wa mai gyara ya duba, kuma ya san rumfar da zai koma gobe. Dillalin da ke zaune cikin jama'a yana da mutuncin da yake tsoron zubarwa, abin da sunan bogi a intanet ba shi da shi.

Kammalawa

Ma'anoni biyu na kalmar gwanjo suna jan mai saye zuwa wurare mabambanta. Ɗaya tana yi masa albishir da rahusa, ɗaya tana miƙa kayan ga wanda ya fi kowa kuskuren ƙima. Abin da tarihin ya koyar shi ne mai saye ya fara sanin farashin sabo da na hannu a kasuwar garinsa, ya cire kuɗin aike da na gyaran da ka iya tasowa, ya yanke iyakar tayinsa tun kafin a fara, idan an wuce ta ya janye. Tsohon ikon nan na juya baya a tafi shi ne dai kariyarsa, kuma magabata sun riga sun faɗa cewa araha ba ta ado.