Shawarar Jarirai: Daga Ɗakin Jego Zuwa Fitilar Asibiti

Makon jiya na je barka Bungudu. Ɗakin mai jego duhu, taga a rufe kamar yadda muka saba. Na karɓi jaririn na fito da shi bakin ƙofa, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Goggona ta ce, "Shawara ce, ɗan nan, ku ma duk kun yi ta, jiƙo ya kore ta." Da kyar aka yarda muka kai shi Gusau. Kwana uku ya yi ƙarƙashin fitila, aka yi suna lafiya.

Goggo tana da gaskiyarta. Kusan jarirai 6 cikin 10 suna yin shawara a makon farko, bakwaini ma sun fi. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke mutuwa su saki sinadarin bilirubin, ita kuwa hantar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. Galibi takan wuce da kanta, sai a yaba wa jiƙo. Amma idan sinadarin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: kurumta, shanyewar jiki, ko rasa rai.

Ita fitilar nan tana da tarihi. A 1956, a asibitin Rochford na Ingila, wata nas mai suna Jean Ward tana fitar da bakwaini shan hantsi. Aka lura fatar da rana ta taɓa ta washe, wurin da zane ya rufe yana nan ɗorawa. A 1958 Dakta Richard Cremer da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya haifar da jinya da haske. A 1968 aka fara amfani da allurar anti-D, mai kare jariran da jininsu ya saɓa da na uwa ta fuskar Rh. A 2013 maƙwabciyarmu Sakkwato ta fara raba man chlorhexidine na cibiya, don hana ƙwayoyin cuta shiga jini, wanda shi ma yakan tsananta shawara.

To mu ina matsalarmu? Yaranmu da yawa, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin sinadarin G6PD. Irin waɗannan, kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jariri, ko lalle a fatarsu, ya isa ya farfasa musu jini. Ga gashin cibiya da tsumma, ga matse dakashi a zubar, alhali shan nonon farko ne ke sa jariri kashi ya fitar da sinadarin.

Jama'a, kowa ya san halin da hanyar Tsafe zuwa Gusau take ciki. Ba mai ɗaukar jariri da dare. Don haka ganewa da wuri ne gatanmu. Kullum da safe a fito da shi haske, a duba ido da dasashi. In shawarar ta bayyana ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi mama, ko yana banƙarewa, a nufi asibiti, kada a jira suna. Kuma kada a shanya shi a rana tsagwaronta, tana ƙona fata.

Don Allah a karanta wa iyayenmu mata da ungozomomi. Allah Ya raya mana zuri'a.