Aninin Sarakuna Biyar

 Duk wanda ya taɓa shiga shagona ya ga wani ɗan allo da na rataye a bayan sikeli, an jera masa tsofaffin kuɗi masu huda a tsakiya. Kwanakin baya wani yaro da aka aiko sayen gishiri ya tsaya yana ta kallonsu, can sai ya ce, "Malam, washar nan ta sayarwa ce?" Na yi dariya, amma da ya tafi maganar ta tsaya mini a rai. Yaron nan kullum yana jin manya na cewa ba ni da ko anini, ba ni da ko sisin kwabo, ga anini a gabansa bai gane shi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ɗan abin da na sani a kan kuɗin nan, don tarihinsu da tarihin zamanmu a Kuru tafiyarsu ɗaya.

Kafin zuwan Turawa kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Daga tsibiran tekun Indiya ake kawo shi. Baturen nan ɗan Jamus mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ne keso, kayan ƙato guda ke nan. Ka ga wanda zai sayi doki sai ya nemi masu ɗaukar masa kuɗin.

Kuza kuma ba Bature ne ya gano ta ba. Maƙeran Liruwe sun daɗe suna narka ta, fatake na yawo da ita har ta kai hannun Kamfanin Neja a bakin Binuwai. Sawunta Turawa suka biyo. Wajen 1903 Kanar Laws ya hawo dutsen nan, aka kafa sansani a Naraguta, daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, na Kafanchan da ya ratsa ta Kuru ya iso a 1927. To kamfani ba zai biya dubban leburori da wuri ba, gwamnati kuma ta ce haraji sai da kuɗin Bature. Wanda ba shi da su dole ya nemi inda ake biya da su. Abin da ya taso da mutane ke nan daga Kano da Zariya da Bauci da Barno suka cika barikokin kuza. Maƙwabtanmu Birom su ma harajin ne ya shigar da su ramin, bayan gonakinsu da haƙa ta cinye, ga kududdufan nan har yau muna gani. Kakana yana cikin waɗanda suka zo daga ƙasar Kano. Mahaifina ya ce ya sha ba su labarin yadda ake yini ana ɗaukar ƙasa a kwano a kan nai, ranar biya kuma kowa ya zura kuɗinsa a igiya ya ɗaura a ƙugu. Amfanin hudar ke nan, don rigunan lokacin ba kowacce ke da aljihu ba.

Anini na farko an buga shi a 1907, zamanin Sarki Edward na Bakwai. Goma ne ke yin kwabo. Da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen tukwanenmu na biki, kuma yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Sai dai bai jure gumi da damina ba, ya riƙa cinyewa yana fari, saboda haka a 1908 aka koma wani farin ƙarfe mai nauyi, gamin tagulla da nikel. A gefe ɗaya akwai tauraro mai tsini shida wanda malamanmu ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, a ɗaya gefen kambin sarauta da sunan sarki, a ƙarƙashin hudar kuma rubutun Larabci: ushur a jikin anini, nisfu a jikin ɗari, wahid a jikin kwabo. Bature ya san waɗanda za su karɓi kuɗin da wane rubutu suke karatu. Na tuna wannan a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira har aka yi ta cacar baki, wasu na magana kamar jiya aka fara sa shi.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ta ƙasashe huɗu, Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Shekara ta zagayo aka fito da na azurfa: taro, sisi, sule da fataka, wadda wasu ke kira dala, sule biyu ke nan. Sule da fataka bishiyar kwakwar manja ce a bayansu. Kuɗi ɗaya ne tun daga Jos har Kumasi, ɗan kasuwar goro ba ruwansa da mai canji. Lissafin kuwa sai mai kai: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Ahu kwabo ɗaya da rabi, nai kwabo tara, waɗannan biyun a baki kawai suke, ba a buga su ba. Rabin kwabo kuma dattawa sun ce an kira shi ɗari ne don wuri ɗari ake ba da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, a 1920 aka daina yi da ita aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Na azurfar yawancinsu sun ƙare a maƙera, sun zama zobba da kayan kitson matan Fulani, shi ya sa samun mai kyau yake da wuya.

Wanda na fi son nuna wa baƙi shi ne na 1936. A shekarar Sarki George na Biyar ya rasu, ɗansa Edward na Takwas ya hau, amma bai cika shekara ba ya sauka a watan Disamba saboda wata bazawara 'yar Amurka da ya nace sai ya aura. A Ingila kuɗi mai hotonsa bai shiga hannun jama'a ba. Mu kuwa da yake namu masu huda suna kawai ake rubutawa, ba sai an jira zanen fuska ba, an buga anini da ɗari da kwabo da sunansa an kawo. Ƙanensa George na Shida ya gaje shi, a zamaninsa aka yi ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza. An kwaso talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas, da yawansu sanyin dutsen nan da cuta suka kashe. In na riƙe kwabon shekarun nan su nake tunawa. A 1952 aka mai da ƙananan kuɗin jan ƙarfe, sai kuma Sarauniya Elizabeth, ita ce ta biyar, a kanta aninin ya ƙare.

Babban Bankin Najeriya ya fito da namu na kanmu a 1959, daidai lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga nan Kuru zuwa Bauci da Gwambe, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Taro mai kusurwa goma sha biyu da auduga a bayansa, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Babu anini a cikinsu. Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Gowon, naira ta zo, fam ɗaya naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Har gobe in ka shiga kara ka ji dillali ya ce jaka, naira ɗari biyu yake nufi, tsohuwar jakar fam ɗari ce ba ta bar bakin mutane ba.

Ni kuma a nan na shigo. Da aka yi canjin, mahaifina ya bar ragowar tsabar da bai kai banki ba a wani gwangwanin madara. Ina ɗan shekara tara ko goma na gano shi, abin da ya ja ni kuwa Larabcin ne, don lokacin na fara haɗa baƙi a Islamiyya. Na sha rankwashi a kan gwangwanin nan kafin a bar mini shi. Daga nan duk inda fatauci ya kai ni sai na tambaya. Wasu na samu a Kasuwar Kurmi, wasu wajen tsofaffi a Bukuru da Barikin Ladi. Kwabon George na Biyar daga rufin wani tsohon gida na cire shi, kafinta ya yi washar ƙusa da shi, ashe dai yaron nan bai yi ƙarya sosai ba. Burina shi ne in haɗa aninin sarakunan biyar, da na alminiyam na 1907 a kan gaba, sannan ɗaya ɗaya daga ɗari har fataka. A 2006 na cika.

Wani almajirina ya taɓa tambayata ko ina fitar musu da zakka. Na ce nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, sule guda kuwa bai kai giram shida ba, nawa na azurfa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ba na sayarwa ba ne. Akwai kuma samarin da ke zuwa a ɓoye suna neman kwabo mai huda, wai yana jan shinkafa, wai akwai mai saye da miliyoyi. Damfara ce tsagwaronta, in ba ta kai mutum ga boka ba ta kai shi ga asarar jari. Na ga wanda ya sayar da babur ɗinsa a kan wannan.

Abin da ya faru a Kuru Karama a Janairun 2010 ba sai na ba ku labari ba, kowane gida a cikinmu yana da nasa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sa sun huta. Da ƙura ta lafa na koma inda shagona yake na tona toka. Na tarar da gwangwanin ya lotse. Na tagulla da na nikel sun yi baƙi ƙirin amma suna nan, ana iya karanta shekarunsu. Na alminiyam kuwa ya narke, ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar masara. Wallahi na ji kunyar kaina da na tsaya duba shi, ga abin da mutane suka rasa. Na zuba su a aljihu, na yi shekara biyar ban buɗe ba.

Ƙaramar 'yata ce ta sa na sake fito da su, malaminsu ya ba su aikin gida a kan kuɗin da. Muka zauna muka goge su da toka da lemun tsami, masana sun ce hakan na rage musu daraja, ni dai ba kasuwa zan kai ba. Gurbi ɗaya ya rage, na yi ta nema shekara da shekaru. Wani a Kano ya nuna mini guda ya sa kuɗin da ya fi ƙarfina, wani kuma ya kawo mini na 1908 mai nauyi yana rantsuwa shi ne.

Bara bayan sallar layya aka kira ni rabon gadon wata tsohuwa a Bukuru, Allah Ya gafarta mata. A cikin kayanta akwai wata tsohuwar igiyar fata da aka zura wa anini goma sha ɗaya, 'ya'yanta suka ce ta mahaifinta ce, shi ma leburan kuza ne. Ina ɗagawa na ji ɗaya ba nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Duk ya caccaɓe, amma 1907 ɗin ta fito sarai. Suka ce in ɗauka kyauta. Na ce a'a, akwai marayu a cikin magada, kuma ni ne mai rabo, bai kamata ba. Aka kira mutum biyu suka yi masa ƙima, na biya a gaban kowa aka zuba a cikin dukiyar. Yanzu yana kan allon a gurbin farko, ɗan dunƙulen da ya narke kuma na liƙa shi a gefensa. Wanda yake son gani ya biyo bayan la'asar, ya zo da yaransa.