Duba marar lafiya daga nesa a ƙasar Amurka: ƙa'idojin rajistar likitan wata jaha cikin tsarin Medicaid

A wannan zamani likita yana iya zama cikin ofishinsa ya duba marar lafiyan da ke nesa da shi da tafiyar kwana biyu, ta hanyar wayar salula ko kwamfuta mai ɗaukar hoto da murya. Wannan shi ake kira duba marar lafiya daga nesa. A ƙasar Amurka aikin ya yaɗu ƙwarai, sai dai akwai tambaya guda da na'ura ba ta iya amsawa: idan likita yana wata jaha, marar lafiya kuma yana wata, wa zai biya, kuma bisa wace doka? Wannan shafi zai bayyana maka amsar game da Medicaid. Zai amfane ka idan kai ma'aikacin lafiya ne, ko kana da dangi mazauna Amurka, ko kana nazarin yadda ake tafiyar da inshorar lafiya ta gwamnati.

Mine ne Medicaid?

Medicaid tsari ne na inshorar lafiya domin masu ƙaramin ƙarfi: yara, mata masu juna biyu, naƙasassu, tsofaffi da magidanta masu ƙarancin samu. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar da ta kafa shi ranar 30 ga watan Yuli 1965, tare da Medicare, wanda shi na tsofaffi ne masu shekara 65 zuwa sama. A shekarar 2024 mutane fiye da miliyon 70 ne ke cikin Medicaid.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, Medicare na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai, amma Medicaid haɗin gwiwa ne. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar aƙalla kashi 50 cikin 100 na kuɗin jinya, hukumarta mai suna CMS tana shimfiɗa manyan ƙa'idoji, sannan kowace jaha tana tafiyar da nata tsarin. Har suna ma ya kan bambanta: a Kalifoniya ana ce masa Medi-Cal, a Tenesi TennCare, a Masacusets kuma MassHealth. Saboda haka babu rajista guda da ta wadatar ga ƙasar baki ɗaya. Jahohi 50 da babban birnin Washington, kowa da takardunsa.

A ina ake ɗauka an yi aikin?

A wurin hukuma, an yi jinya ne a inda marar lafiya yake zaune a lokacin dubawa, ba a inda likita yake ba. Ga misali. Birnin Kansas City yana kan iyakar jahohi biyu, Misuri da Kansas, a wani sashe ma titi guda ne ya raba su. Ka ɗauka wata likitar yara tana aiki a ɓangaren Misuri, wani yaro mai ciwon amosanin jini kuma yana gidansu a ɓangaren Kansas. Idan uwar yaron ta tsallake titi ta kai shi asibiti, an yi aikin a Misuri. Idan kuwa ta kira likitar ta hoto daga ɗakinta, an yi aikin a Kansas, kuma dokar Kansas ce ke hukunci.

Daga nan matakai biyu suka fito, waɗanda mutane da yawa ke ruɗawa. Na farko izinin duba marar lafiya, wato lasisi. Na biyu izinin karɓar kuɗi daga asusun Medicaid, wato rajista. Samun ɗaya bai sa an samu ɗayan ba.

Mataki na farko: lasisi

Kowace jaha tana da hukumar likitocinta mai ba da lasisi. Bisa ga ƙa'ida, wajibi ne likita ya mallaki lasisin jahar da marar lafiya yake. Domin rage wahala, an buɗe hanyoyi kamar haka:

1. Yarjejeniyar likitoci tsakanin jahohi, wadda ta fara aiki a 2017. Mafi yawan jahohi sun shiga. Ba ta ba da lasisi guda na ko'ina, tana gaggauta samun lasisin kowace jaha ne, kuma likita yana biyan kuɗin kowane.
2. Yarjejeniyar ma'aikatan jinya, wadda ke ba nas lasisi guda mai aiki a dukan jahohin da suka sa hannu. Masu ilimin halayyar ɗan Adam su ma suna da tasu mai suna PSYPACT.
3. Rajistar musamman ta masu duba daga nesa. Jahar Fulorida ta kafa ta a 2019: likitan wata jaha yana iya duba mazauna Fulorida ta na'ura ba tare da lasisinta ba, da sharaɗin ba zai buɗe ofishi a can ba, kuma ba zai duba kowa ido da ido ba. Arizona ta yi makamanciyar dokar a 2021.

Mataki na biyu: rajista da Medicaid

Likitar Misuri ta samu lasisin Kansas, amma har yanzu Medicaid na Kansas bai san ta ba. Sai ta cika takardar neman shiga, ta sa hannu a yarjejeniya da hukumar jahar. Dokar gyaran kiwon lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan shugaba Obama, ta tsananta binciken masu neman shiga domin toshe hanyar zamba. Ga abubuwan da ake nema:

- Lambar shaida ta ƙasa mai suna NPI, mai alƙaluma 10, wadda kowane ma'aikacin lafiya ke sawa a takardar neman biya.
- Lasisi mai rai, wanda ba a dakatar ba, ba a kuma taƙaita ba.
- Bayanin masu mallaka: duk wanda ke da kashi 5 cikin 100 ko fiye a cikin asibiti ko kamfani, sai an faɗi sunansa.
- Duba sunan mai nema a cikin jerin waɗanda gwamnatin tarayya ta kora daga tsare-tsaren lafiya, da jerin waɗanda suka rasu, domin kada wani ya ci kuɗi da sunan mamaci.
- Kuɗin takarda ga cibiyoyi irin su asibiti, wanda ya kai dalar Amurka 730 a 2025. Likita shi kaɗai ba ya biyan wannan kuɗi.

An kasa masu nema kashi uku bisa ga haɗarin zamba. Ƙaramin haɗari, inda mafi yawan likitoci suke, binciken takardu ya isa. Matsakaici, ana ƙara ziyarar wurin aiki. Babba kuwa, ana ƙara ɗaukar hoton yatsu da binciken tsohon laifi. Doka ta yarda jaha ta dogara da binciken da Medicare ko wata jaha ta riga ta yi, amma wannan bai ɗauke cika takardun jahar ba. Ana sabunta rajista aƙalla duk shekara 5. Wanda aka kora a wata jaha saboda laifi, tilas sauran jahohi su ma su kore shi.

Ka lura da abu biyu. Na farko, likitan da ya shiga ya amince ke nan da cewa abin da Medicaid ya biya shi ne cikakken kuɗinsa. Ba zai bi marar lafiya cikon ba, sai ɗan abin da dokar jaha ta halatta. Na biyu, ko likitan da ba ya neman a biya shi, in dai yana rubuta magani ko gwaji ga mai Medicaid, ana bukatar ya yi rajista. In bai yi ba, uwar yaron nan tana iya zuwa kantin magani da takarda ingantacciya, a ce mata Medicaid ba zai biya ba.

Yaushe jaha ke biyan aikin da aka yi a wata jaha?

Ƙa'idar tarayya ta wajabta wa jaha ta biya jinyar mazauninta a wata jaha a hali huɗu: idan larura ce ta gaggawa, idan komawa gida zai cutar da lafiyarsa, idan jahar ta tabbatar irin jinyar ta fi samuwa a can, ko idan al'adar mutanen yankin ce su je asibitin jahar maƙwabciya. An tsara waɗannan ne domin marar lafiyan da ya yi tafiya da ƙafarsa. Game da duba daga nesa, tarayya ta bar wa jahohi zaɓi mai faɗi. Dukansu suna biyan wani nau'i na dubawa ta hoto kai tsaye, amma sun bambanta a kan dubawa ta murya kaɗai, da irin ma'aikacin da aka yarda da shi, da yawan kuɗin. Wasu suna sauƙaƙa wa likitocin garuruwan kan iyaka, suna tsananta wa na nesa.

Akwai ɗan rangwame. Jagorar hukumar CMS ta yarda jaha ta biya likitan waje ba tare da rajista ba, idan yana da rajista mai kyau a Medicare ko a Medicaid na wata jaha, kuma aikin bai wuce sau ɗaya ba, ko bai wuce na mutum ɗaya ba, cikin kwana 180. Wannan izini ne ga jaha, ba tilas ba ne a kanta, kuma bai dace da likitan da ke duba mutane da dama a kai a kai ba.

Har ila yau, kusan kashi uku cikin huɗu na masu Medicaid suna ƙarƙashin kamfanonin inshora da jaha ta ɗauka kwangila. Dokar 2016 ta ce daga 1 ga Janairu 2018 duk likitan da ke cikin jerin irin wannan kamfani sai ya yi rajista da jahar ita kanta. Ke nan aiki biyu ne: rajistar jaha, sannan yarjejeniya da kamfani.

Abin da ya faru lokacin korona

Daga watan Maris 2020, da annobar korona ta hana mutane fita, gwamnati ta sassauta ƙa'idoji. An yi wa likitocin waje rajistar wucin gadi, an jingine ziyarar wuri da kuɗin takarda, jahohi da yawa kuma sun ɗage sharaɗin lasisi. Dokar ta-ɓacin lafiya ta ƙare ranar 11 ga watan Mayu 2023, sassaucin kuma ya ƙare a bayanta. Idan ka ci karo da bayanin da aka rubuta a 2020 ko 2021, kada ka yi aiki da shi sai ka tabbatar.

Likitan da ke wajen Amurka fa?

Dokar 2010 ta hana Medicaid biyan kuɗi ga kowace cibiya ko banki da ke wajen Amurka. Saboda haka idan ɗan'uwanka mazaunin can ya kira likitan da ya saba da shi a Yamai ko Damagaram, shawara ce tsakaninsu. Katinsa na Medicaid ba zai biya ba.

Shawara ga likita

1. Ka tambayi marar lafiya inda yake a farkon kowace dubawa, ka rubuta.
2. Ka nemi lasisi tukuna, sannan rajista, kafin ka karɓi mutum na farko.
3. Ka karanta littafin jagora na Medicaid na jahar, domin ƙa'idoji suna canjawa.
4. Kada ka jinkirta takardar neman biya. Iyakar tarayya wata 12 ne daga ranar aiki, wasu jahohi kuma sun gajarta.

Shawara ga marar lafiya da iyalinsa

Kafin ranar dubawa, ku kira lambar da ke bayan katinku, ku yi tambaya uku: Likitan yana da lasisin jaharmu? Yana da rajista da Medicaid na jaharmu da kamfanin da muke ciki? Ana bukatar izini kafin a duba mu? Ku rubuta ranar da kuka kira da amsar da aka ba ku. Idan kuka ƙaura zuwa wata jaha, ku sani katin tsohuwar jaha ba ya binku. Sai kun sake neman shiga a sabuwar, sannan ku sake yin waɗannan tambayoyi game da likitanku.