Kuskuren da ya sa roba ta fara ɗaukar wuta (zare)

1/ Tun muna firamare aka koya mana cewa roba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita. To a 2000 an ba mutum uku kyautar Nobel don sun nuna akwai robar da ke ɗauka. Ku biyo ni.

2/ Sunan robar foliasetilin. Daga iskar asetilin ake haɗa ta, irin wadda masu walda ke kunnawa. Giulio Natta na Italiya ya haɗa ta tun 1958, amma baƙin gari ya samu, ba ya narkewa, ba a iya sarrafa shi.

3/ 1967, Tokyo Institute of Technology a Japan. Wani baƙon mai bincike daga Koriya, Hyung Chick Pyun, yana aiki da Hideki Shirakawa. Sinadarin da ke hanzarta haɗin ya yi yawa, kusan ninki 1000 na yadda aka saba sakawa.

4/ Maimakon gari, sai ga wata siririyar fata ta kwanta a saman ruwan. Wani zubarwa zai yi ya sake sabo. Shirakawa kuwa ya zauna yana bin diddigi, har ya iya haɗa ta da gangan, tana ƙyalli kamar azurfa.

5/ Alan MacDiarmid, ɗan asalin New Zealand, ya ga fatar a Tokyo, ya gayyaci Shirakawa Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Can suka haɗu da Alan Heeger, masanin fiziks.

6/ Da suka turara ta da aidin, ƙarfin ɗaukar wutarta ya ninku sau miliyoyi. Sun wallafa sakamakon a 1977.

7/ Me ya faru? Aidin yana zare wasu elektron daga sarƙar robar, ya bar gurbi. Kamar benci ne da ya cika maƙil, in mutum ɗaya ya tashi, sauran sun samu wurin matsawa. Matsawar nan ita ce lantarki.

8/ Ita foliasetilin iska na lalata ta, ba ta yi kasuwa ba. Amma ta buɗe ƙofa. A 1988 kamfanin Bayer na Jamus ya samar da PEDOT, da ake shimfiɗawa siriri a kayan lantarki.

9/ Nobel ba ta wuce mutum uku a kyauta ɗaya: Heeger, MacDiarmid, Shirakawa. Pyun ba ya ciki. Ni dai a nan nake tsayawa: wa ya fi cancanta, wanda abin ya fito a hannunsa, ko wanda ya gane darajarsa? Ku faɗi naku.