Kufan Kankare a Gaɓar Atlantika

A shekarar 1958 wani matashi Bafaranshe, Paul Virilio, ya fara bin gaɓar tekun ƙasarsu da kyamara, yana ɗaukar hoton wasu gine-gine da kowa ke kau da kai daga gare su. Sai a 1975 aka baje hotunan a Paris, suka kuma fito a littafi mai suna Bunker archéologie. Gine-ginen nan ragowar Katangar Atlantika ne, jerin maɓoya da mazaunin igwa da Jamus ta shimfiɗa daga Norway har iyakar Faransa da Sifaniya, bisa umarnin da Hitler ya bayar a watan Maris 1942. Ran 6 ga Yuni 1944 sojojin ƙawance suka keta ta a Normandy cikin yini guda.

Mu da rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, maimaici ne ya fara jan hankalinmu. Jamusawa sun tanadi ɗaruruwan zane da suke kira Regelbau, kowanne da lambarsa, har kaurin bango an ƙayyade, galibi mita 2. Shi ya sa wanda ka gani a Denmark za ka sake cin karo da tagwayensa a Faransa, tamkar an kwafa an liƙa.

Da yake kowane gini dunƙule guda aka zuba shi, idan teku ta cinye yashin da ke ƙarƙashinsa ba ya rushewa, sai dai ya karkace. A Capbreton ga su nan kwance cikin ruwa kamar giwayen da suka durƙusa. Masu hoto na son su da sassafe cikin hazo, mu ma muna so, ba za mu ɓoye ba.

Amma kyan nan yana damunmu, don hoton ba ya nuna wanda ya kwaɓa simintin. Hukumar Todt da ta yi ginin ta dogara ƙwarai da aikin tilas, har da fursunonin yaƙi 'yan Afirka daga rundunar Faransa. A tsibirin Alderney ɗaruruwan leburori suka mutu. Saboda haka muka fi daraja hoton da aka matso kusa da bango. A nan ana ganin shatin katakon da aka kafa kafin a zuba kankare, layi bisa layi, wani wurin a miƙe, wani wurin hannun mai kafawar ya goce.