Raguwar ƙarfin inji mai bugu biyu

Raguwar ƙarfin inji mai bugu biyu matsala ce da ke sa inji ya tashi lafiya amma ya kasa ɗaukar nauyin da ya saba ɗauka. A birnin Katsina an fi ganin ta a jikin ƙaramin janareta irin Tiger TG950 da masu aski da masu cajin waya ke kunnawa, da tsofaffin babura irin Suzuki A100 da Vespa, da injin yanka katako.

Yadda injin yake aiki

Dugald Clerk, ɗan ƙasar Sikotland, ya yi wa irin wannan inji rajista a 1881. Fistin yana hawa sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, wuta ta kama, saɓanin inji mai bugu huɗu. Ƙananan injinan yanzu ba su da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa, man shafawa yana shiga ne tare da fetur, ya ƙone tare da shi. Daga nan hayaƙinsu mai shuɗi-shuɗi yake fitowa.

Sanadi

Iska ce ta farko. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana toshe soson tace iska cikin 'yan kwanaki, sai fetur ya rinjayi iska, inji ya riƙa shaƙewa. Wanke soson da shafa masa ɗan mai kan isa.

Na biyu shi ne salansa, kuma shi aka fi mantawa. Man da bai ƙone ba yana daskarewa a bakin ƙofar hayaƙi har ramin ya tsuke. Inji zai yi sulo daidai, da an ɗora masa nauyi sai ya durƙushe. Yawan zuba mai yana gaggauta wannan. Ma'aunin da aka saba rubutawa a kan ƙananan janaretoci shi ne 50:1, wato mililita 20 na man 2T a kowace lita ɗaya ta fetur. Masu zuba baƙin man mota da marfin gora, bisa zaton yawan mai kariya ne, su suka fi kai salansa wurin ƙonawa.

Fetur mai ruwa ko gauraye da kananzir, wanda akan ci karo da shi a hannun wasu 'yan bumburutu, yana toshe ƙananan ramukan kafireta.

Mafi haɗari shi ne shigar iska ta ɓarauniyar hanya, ta fasasshen gasket ko robar da ke rufe gefen kiranshaf. Fetur zai yi ƙaranci, inji ya yi zafi, ya riƙa gudu shi kaɗai, kuma a zafin Afrilu fistin na iya kamewa cikin silinda.

Bincike

Bakanike yakan fara da fulogi, domin launinsa yana nuna abin da ke faruwa a ciki. Ruwan ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai danshi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat kuwa gargaɗi ne a kashe injin nan take. (Fulogi, salansa da kafireta duk kalmomin aro ne daga Ingilishi; a fulogi Hausa ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu na farko, ta ƙara wani a ƙarshe.)

Bayan fulogi sai soso, sai kafireta, sai salansa. Ana buɗe kan inji ne a ƙarshe, idan igiyar tayarwa ko kik ta yi sako-sako babu turjiya, alamar ringi sun cinye. Sauya fistin da ringi kafin a duba salansa asarar kuɗi ce kawai.

Ba a gwada inji cikin ɗaki ko rufaffen shago. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyalai cikin barci a Najeriya.