FASHIN BAƘI: Yadda ake gwada “Turancin baka” da fensir a Illela, da yadda ƙasar Sin ke gwada kunnen ɗalibanta

Duk ɗalibin da ya kammala babbar sakandare a Illela, garin kan iyaka da ke arewacin Jihar Sakkwato, yana da buƙatar kiredit a darasin Turanci kafin ya samu gurbi a Jami’ar Usmanu Danfodiyo, ko Jami’ar Jihar Sakkwato, ko wata jami’a a Najeriya. Daga cikin takardun da yake rubutawa domin samun wannan kiredit akwai wadda hukumar WAEC ke kira “Test of Orals”, wato gwajin Turancin baka. Sai dai a zauren wannan jarrabawa babu mai buɗe baki, babu kuma muryar da ake saurare. Takarda ce da fensir, ɗalibi yana duhunta gurbin A ko B ko C ko D har lokaci ya cika.

Yadda aka kasa makin Turanci

Manhajar WAEC ta raba jarrabawar Turanci gida uku. Takarda ta ɗaya tambayoyin zaɓi ne guda 80 a kan kalmomi da nahawu, ana amsa su cikin awa ɗaya, makinsu 40. Takarda ta biyu ita ce mai nauyi, awa biyu da maki 100: insha’i mai kimanin kalmomi 450 yana ɗaukar 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Takarda ta uku tambayoyi 60 ne cikin minti 45, makinsu 30. Jimilla maki 170.

A wannan takarda ta uku ƙasashe biyar na WAEC suka rabu. Ɗaliban Gana da Gambiya da Saliyo gwajin sauraro suke yi: a kunna musu murya, su amsa bisa abin da kunnensu ya ji. Ɗaliban Najeriya da Laberiya kuwa na takarda ake ba su. Hukuma ɗaya, sunan shaida ɗaya, amma abin da aka auna ya sha bamban.

Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 kuma hedikwatarta ke Minna, ita ma a rubuce take gudanar da nata gwajin bakan. Wannan ya shafi Illela kai tsaye, domin ba kowace shekara ɗaliban makarantun gwamnati a jihar suka zauna wa WAEC ba. A 2022 hukumar ta bayyana cewa Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗalibai daga makarantun gwamnati ba. Haka abin yake a JAMB: cikin tambayoyi 180 na jarrabawar shiga jami’a, 60 na Turanci ne, akwai ’yan tambayoyin furuci a cikinsu, kuma duk da cewa a kwamfuta ake yi, da ido ake karanta su.

Me takardar “baka” take tambaya?

Ga irin abin da ɗalibi ke tararwa. A ba shi kalmar “blood”, a ja layi ƙarƙashin wasalinta, a ce ya zaɓi kalmar da ke da wasali iri ɗaya daga “food”, “good”, “cut” da “pot”. Amsar ita ce “cut”, ko da yake rubutunsu bai yi kama ba. A wani sashen a tambaye shi baƙaƙe, har da waɗanda ake rubutawa ba a furta su, kamar “b” ɗin da ke cikin “debt”. Akwai sashen amsa-amo, da sashen gaɓar da ake dannawa a kalma, da na alamomin furuci irin na ƙamus.

Sashen da ya fi nuna nisan da ke tsakanin harsunan biyu shi ne na danna kalma a cikin jimla. A rubuta “Musa BORROWED the bicycle” da manyan haruffa a kan kalma ɗaya, a ce ɗalibi ya nemo tambayar da wannan jimla ke amsawa. Bature da murya yake nuna cewa aro Musa ya yi, bai saci keken ba. Bahaushe kuwa tsarin jimlar yake juyawa, ya ce “aron keken Musa ya yi”. Yaron da bai taɓa jin yadda muryar ke hawa a kan kalmar ba yana iya cin makin, muddin an koya masa dabarar: ya nemi tambayar da ta saɓa wa kalmar mai manyan haruffa. Malamai da yawa haka suke koyar da sashen, kuma ba za a ga laifinsu ba, tunda abin da takardar ke biya ke nan.

Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwayen wasali biyu. Turancin Ingila da littattafan makaranta ke ɗauka a matsayin ma’auni yana da sautukan wasali kusan 20 da na baƙi 24. Hausa ba ta bambanta “p” da “f” a ma’ana, ba ta da “v”, ba ta da sautukan nan biyu da ake rubutawa da “th”, kuma ba ta son cunkoson baƙaƙe, shi ya sa ta mayar da kalmomin aro burodi da asibiti da sukurudireba. Waɗannan wurare su ne ainihin inda kunnen Bahaushe ke buƙatar horo. Gwajin takarda yana iya tabbatar da cewa ɗalibi ya san “pan” da “fan” kalmomi ne biyu. Ba ya iya tabbatar da cewa zai bambance su idan malamin jami’a ya furta su a zauren lacca mai ɗaruruwan mutane.

Abin da kunnen ɗan Illela ya saba ji

Illela gari ne na kasuwa. Hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa a nan take kaiwa bakin iyaka, ta wuce Birnin Konni na Jamhuriyar Nijar. A kasuwar dabbobi, a tasha, a masallaci, a gida, Hausa ake ji, sai Fulatanci da Buzanci daga bakin makiyaya da fatake. Wanda ya ƙetara Konni ya tarar da Faransanci a jikin allunan ofisoshi. Rediyo ma, wanda shi ne abokin hira a karkarar Sakkwato, da Hausa yake magana, daga Rima Radiyo har BBC da RFI da DW. Ga yara da dama, Turancin da suke ji a yini bai wuce na bakin malamin aji ba.

Abin lura shi ne yankin ba baƙo ba ne ga gwajin kunne da baki. A makarantar allo malami sauraren ɗalibi yake yi, ya gyara masa mafitar harafi nan take, kuma a Sakkwato ne Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami’ar Usmanu Danfodiyo ta fara musabaƙar karatun Alƙur’ani ta ƙasa a 1986, inda alƙalai ke ba da maki bisa abin da suka ji. Yaron da ya iya bambance haruffan Larabci masu makusantan sauti ba kunne ya rasa ba. Tsarin boko ne bai nemi ya yi amfani da shi a Turanci ba.

Manufofin gwamnati sun ƙara wa lamarin nauyi. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a firamare, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa a dukkan matakai. Ke nan yaro zai riƙa karɓar lissafi da kimiyya ta kunne cikin Turanci tun daga ajin farko, amma har ya kammala sakandare babu jarrabawar ƙasa da za ta auna ko yana fahimtar abin da yake ji. A tsallaken iyaka kuwa, kundin da gwamnatin sojan Nijar ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sanya Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Ɓangaren karatu

A nan jarrabawar Najeriya ta fi kusa da abin da take iƙirarin aunawa. Auna fahimta da taƙaitawa sun haɗa maki 50 cikin 170, kusan kashi 30 cikin ɗari. Ana ba ɗalibi nassin da bai taɓa gani ba, a tambaye shi abin da aka faɗa da abin da aka nufa, da sunan nahawu na wani yanki da aikinsa, da kalmar da za ta maye gurbin wata. A taƙaitawa ana ƙayyade masa yawan jimloli, kuma kwashe jimlar nassi yadda take yana jawo asarar maki. Wannan sashe hadda ba ta ceton kowa a cikinsa. Wanda bai saba karanta dogon rubutu ba, a nan yake faɗuwa. JAMB kuma tana ɗora littafin labari guda da za a yi tambayoyi a kansa, kamar “The Lekki Headmaster” na Kabir Alabi Garba da aka fara amfani da shi a 2025.

Shekarar 2025 ta nuna yadda makomar ɗalibai ke rataye a wuyan wannan darasi. Ranar 28 ga Mayu, an rubuta Turancin WAEC cikin dare a cibiyoyi da dama, wasu da hasken tocila, bayan jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarin hana fitar tambayoyi. A Agusta ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan ’yan kwanaki ta amince an yi kuskure wajen duba tambayoyin zaɓi na Turanci, adadin ya koma kashi 62.96.

Yadda Sin ke yi

Ƙasar Sin misali ce mai amfani, domin ita ma yawancin ɗalibanta ba sa jin Turanci a kan titi. Jarrabawarta ta shiga jami’a, Gaokao, wadda aka dawo da ita a 1977, ana fara ta ranar 7 ga Yuni kowace shekara, kuma ɗalibai miliyan 13.35 ne suka yi rajistarta a 2025. Harshen waje, wanda ga mafi yawa Turanci ne, yana da maki 150, daidai da Sinanci da Lissafi. A sabon tsarin takardar ƙasa, sauraro yana da 30, karatu 50, amfani da harshe 30, rubutu 40.

Sashen sauraron tambayoyi 20 ne. Ana kunna gajerun hirarraki da jawabai ta lasifika, ɗalibi ya gano inda ake maganar, ko farashin kaya, ko abin da mai magana ke shirin yi. Saboda wannan ɗan lokaci hukumomin birane kan hana busa hon da aikin gini a kusa da cibiyoyin jarrabawa. Koriya ta Kudu ta zarce haka, domin takan dakatar da tashi da saukar jirage na kimanin minti 35 yayin sashen sauraro na tata jarrabawar.

Abin da ya tura Sin wannan hanya shi ne koke-koken da aka daɗe ana yi kan abin da su kansu suka laƙaba wa “Turancin bebe”: ɗalibi ya shafe shekaru yana cin nahawu, ya kasa fahimtar baƙon da ya tambaye shi hanya. Wasu yankuna sun ƙara gaba. Lardin Guangdong yana gwada sauraro da magana ta kwamfuta, birnin Beijing kuma tun 2021 ya ware wa sauraro da magana maki 50, ɗalibi ya zauna sau biyu a ɗauki makin da ya fi. A 2018 Ma’aikatar Ilimi ta fitar da ma’aunin ƙwarewar Turanci mai matakai tara domin jarrabawoyi daban-daban su riƙa magana da ma’auni ɗaya.

Amma tsarin bai rasa masu suka ba, kuma sukar tasu ita ce ta fi shafar gari irin Illela. An shafe shekaru wasu larduna suna gudanar da sashen sauraro ba tare da sanya makinsa cikin jimilla ba, kuma hujjar da aka fi kafawa ita ce ɗan ƙauye ba shi da kayan sauraro da malaman da ɗan birni ke da su. Gwajin kunne yana auna abin da ya dace, amma yana iya ƙara tazara tsakanin mai hali da marar hali idan ba a fara kai kayan koyo ba.

Abin da sauya tsarin zai buƙata

Hujjar barin gwajin a takarda a Najeriya ba ɓoyayya ba ce: kusan ɗalibai miliyan biyu ke zauna wa WAEC a dubban cibiyoyi, da yawansu babu tsayayyiyar wutar lantarki, kuma lasifikar da ta shaƙe a zaure ɗaya ta isa ta zalunci ɗaruruwan yara. Takarda ta fi arha, ta fi sauƙin duba.

Batun komawa kwamfuta ne ya sake buɗe ƙofar. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, Ma’aikatar Ilimi kuma ta sanya 2026 a matsayin shekarar da WAEC da NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya, ko da yake Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta a Nuwamba 2025 saboda halin makarantun karkara. Duk inda aka ajiye kwamfuta, abin da ya rage kafin a gwada sauraro shi ne na’urar sanyawa a kunne da muryar da aka naɗa. Daga nan sai tambayar wace murya: ta Landan, wadda alamomin furucin manhajar suka dogara da ita, ko ta ɗan Najeriya mai ilimi, wadda ita ce ɗan Illela zai ji a lacca da asibiti da ofishin kwastan. Sauya takarda ta uku aikin WAEC da NECO ne, amma samar da wutar sola da kayan sauraro da horar da malaman Turanci a makarantun gwamnati na Illela yana wuyan Gwamnatin Jihar Sakkwato, ta hannun ma’aikatarta mai kula da ilimin firamare da sakandare, kuma a kasafin kuɗin jihar na kowace shekara ake ganin ko an ware masa wani abu.